Jamus da Yaƙin Hayaƙi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A yammacin Jamus, ba nisa da garin da nake zaune, akwai wani dandamali da aka yi wa masu kallo a bakin ramin haƙar kwal na Garzweiler. Wani abokin aikina Bajamushe ne ya fara kai ni wurin wata ranar Lahadi. Na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Rami ne wanda ido ba ya kaiwa ƙarshensa, an yanka ƙasar hawa-hawa, nan ja, nan fari, nan ruwan toka, can ƙasa kuma ga kwal ɗin a shimfiɗe. Injin da ke haƙar ya kusa mita 100 a tsayi, amma daga inda muke sai ka ga kamar fara ce ta sauka a gona. A gefen ramin ga dogayen fankokin da ke samar da lantarki daga iska suna ta juyawa a hankali. Abokin nawa ya miƙa hannu ya nuna wani wuri a tsakiyar sarari, inda babu komai, ko ƙasar da za a taka babu, ya ce: "Can gidan kakata yake."

Tun daga ranar nake bin siyasar muhalli ta ƙasar nan da idon mai neman gaskiya, ba da idon baƙo mai sha'awar duk abin da ya gani ba. Kuma abin da na fahimta shi ne, Jamus ta san inda take son zuwa, tana da kuɗin zuwa, tana da injiniyoyin da za su kai ta, amma wajen rabon kaya ta yi son kai. Mai ƙarfi an rage masa, marar ƙarfi an ɗora masa. Idan wannan tafiya ta lalace, to nan ne za ta lalace.

Kafin in shiga ƙorafi bari in ba su haƙƙinsu, don ba ƙaramin abu suka yi ba. Daga 1990 zuwa yanzu hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda Jamus ke fitarwa ya ragu da kusan rabi. Gaskiya ne wani kaso na raguwar ya zo ne saboda durƙushewar tsofaffin masana'antun Jamus ta Gabas bayan haɗewar ƙasar, wani kuma saboda masana'antu sun rage aiki da makamashi ya yi tsada, amma mafi yawa aiki ne aka yi da gangan. A shekarar 2000 aka kafa dokar da ta ce duk wanda ya ɗora sola a rufinsa ko ya kafa fankar iska a gonarsa, dole a sayi wutarsa a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Manoma da malaman makaranta da ƙungiyoyin gari suka yi ca a kai. Zuwa 2023, fiye da rabin lantarkin da ƙasar ke sha yana fitowa ne daga iska da rana da makamantansu. Kuma amfanin bai tsaya a Jamus ba. Yawan sayen da Jamusawa suka yi a lokacin da farantin sola ke da tsadar gaske yana cikin abin da ya sa aka buɗe manyan masana'antunsa a Chaina, farashi ya faɗo warwas. Da yayana ya kira ni daga Kano yana gaya mini ya sa faranti huɗu a shagonsa ya huta da sayen man janareta, sai na ce masa: "Yaya, a cikin arahar nan da ka samu akwai kuɗin tsofaffin Jamus."

Ba wasa nake masa ba. Kuɗin da aka riƙa biyan masu sola da masu fanka, ba daga aljihun gwamnati ya fito ba. Ƙari ne aka ɗora a kan takardar wutar kowane gida, har ya kusa santi 7 a kowane kilowat-awa a 2017, sai a watan Yulin 2022 aka cire shi. Manyan masana'antu masu shan wuta da yawa kuwa an yafe musu mafi yawansa, don kada su kwashe kayansu su bar ƙasar. To duba yadda abin ya kasance: mai gidan kansa da rufin kansa, wanda ke da rarar kuɗin sayen sola, yana karɓa duk wata, ɗan haya da ke hawa na huɗu, wanda ba shi da rufi ba shi da gona, yana biya. Kuma fiye da rabin mutanen Jamus 'yan haya ne. Tun daga tushe aka fara karkata kayan.

Ni ba na cikin masu cewa sauyin yanayi tatsuniya ce, kuma duk wanda ya ga kwarin Ahr a 2021 ba zai faɗi haka da bakinsa ba. A daren 14 ga Yuli, wani ɗan ƙaramin kogi da yara ke wasa a bakinsa ya tashi ya shanye gadoji da gidaje da layin dogo. Mutum fiye da 180 suka rasu a Jamus a wannan ambaliya, mafi yawansu a wannan kwari. A garin Sinzig, mutum 12 masu naƙasa ruwa ya ci su a gidan da ake kula da su. Wannan a ƙasar da ke da jiragen ceto da na'urorin hasashen yanayi iri-iri. Gwamnati ta ware yuro biliyan 30 don sake gini. Watanni kaɗan kafin nan, a watan Afrilu, kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta bayyana wani hukunci da har yau nake jinjina masa. Matasa ne suka kai ƙara, kotun ta ce dokar kare yanayi ta 2019 ta ture mafi nauyin aikin zuwa bayan 2030, kuma yin hakan tauye 'yancin waɗanda suke yara a yau ne. Wato uba ba shi da ikon ya ci bashi ya rubuta sunan jikansa. Nan da nan gwamnatin Angela Merkel ta gyara doka: a rage hayaƙi da kashi 65 cikin 100 zuwa 2030 idan aka kwatanta da 1990, sannan zuwa 2045 ƙasar ta daina ƙara wa sararin samaniya komai.

Kotu ta yi maganar adalci tsakanin na yau da na gobe. Adalci tsakanin na yau da na yau shi ne har yanzu ba a samu mai tsaya masa ba.

A gidan da nake haya, ƙofata na kallon ƙofar wata tsohuwa, mijinta ya rasu, kuɗin fansho take ci. Nakan taya ta hawo da kwalaben ruwa. Wata rana cikin hunturu ta kira ni in duba mata wata takarda, don idonta ya yi rauni. Na shiga na tarar da ita sanye da rigar sanyi biyu, ga bargo a cinya, ɗakin kamar cikin randa. Na taɓa ƙarfen ɗumama ɗakin na ji shi sanyi ƙalau. Ta ce ba ta kunna shi sai da yamma, awa biyu. Takardar kuwa ita ce lissafin ƙarshen shekara da mai gida ke aikowa, na kuɗin ɗumama da ruwan zafi, kuma cikon da ake nema ta biya ya kusa cinye rabin abin da take samu a wata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta naɗe takardar sau huɗu ta sa a ƙarƙashin kofin shayi. Ginin namu tsoho ne, tagoginsa na shigo da iska, tukunyar da ke ɗumama shi ta gas ce. Ba ita ta zaɓi tukunyar ba, kuma ba ta da ikon sauya ta.

Mafi yawan tsadar ta wancan lokacin yaƙin Yukren ne ya jawo ta, wannan kowa ya sani. Amma a cikin lissafin akwai wani layi da gwamnati ce ta sa shi da hannunta. Tun watan Janairun 2021 Jamus ta ɗora kuɗi a kan hayaƙin fetur da dizal da gas da man ɗumama gida, aka fara da yuro 25 a kowane tan, ya kai 55 a 2025. Ni ina ganin hikimar wannan kuɗi. Abin da ke cutar da jama'a bai kamata ya zama kyauta ba. Sai dai tsarin ƙafa biyu gare shi. Ƙafa ta farko a karɓa, ta biyu a mayar wa jama'a kuɗin, kowane kai daidai da ɗan'uwansa. Mai babban gida da motoci biyu zai biya fiye da abin da za a mayar masa, maƙwabciyata mai ɗaki biyu da tikitin bas za ta karɓi fiye da abin da ta biya. Jam'iyyu ukun da suka kafa gwamnatin Olaf Scholz a 2021, wato SPD da FDP da masu rajin kare muhalli, sun rubuta wannan alkawari a yarjejeniyarsu, suka sa masa suna kuɗin yanayi. Har gwamnatin ta wargaje a ƙarshen 2024 ba a biya kowa ko sisi ba. Da farko aka ce hukuma ba ta da hanyar tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun kowane ɗan ƙasa. Daga baya ministan kuɗi Christian Lindner ya fito ya ce ba za a biya ba kafin zaɓe mai zuwa. Suwizalan da ke maƙwabtaka da su ta daɗe tana mayar wa mutanenta irin wannan kuɗi ta hanyar rage musu kuɗin inshorar lafiya. Ashe ba gagara abin ya yi ba.

Kuɗin da aka tara sai ya shiga wani asusu na musamman, daga can ake ba da tallafin sayen mota mai lantarki da na sauya tukunyar gida. Su wa ke sayen sabuwar mota? Su wa ke da tukunyar da za su sauya? Ba maƙwabciyata ba. An dai fara aiki da wata doka a 2023 da ta raba kuɗin hayaƙin tsakanin mai gida da ɗan haya, gwargwadon lalacewar ginin, kuma wannan gyara ne mai kyau. Amma bai kai ya cike gurbin alkawarin da aka karya ba.

Yanzu kwatanta da yadda aka bi da manya. Da aka yanke shawarar barin kwal a 2020, aka sa 2038 a matsayin wa'adin ƙarshe, kamfanin makamashi na RWE an yi masa alkawarin diyyar yuro biliyan 2.6, kamfanin LEAG na gabas biliyan 1.75, yankunan kwal kuma har biliyan 40 don su samu wata sana'ar. Ba na ƙyashin abin da ma'aikatan rami suka samu. Waɗannan mutane su suka ɗauki ƙasar a kafaɗa bayan yaƙi, kuma ranar da aka rufe ramin baƙin kwal na ƙarshe a Bottrop, a watan Disambar 2018, da suka miƙa wa shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier dunƙulen ƙarshe, ƙarti majiya ƙarfi hawaye suke yi. An sallame su da mutunci, haka ya kamata. Abin da nake cewa, ƙasar da ta iya zama da kamfani ta ƙirga masa asararsa har kobo, ta iya ƙirga ta tsohuwar da ke zaune cikin bargo.

Sai kuma mota, wadda a ƙasar nan ba a taɓa ta. Jamus ce kaɗai babbar ƙasa a Turai da har yau mafi yawan manyan titunanta ba su da iyakar gudu. Hukumar muhalli ta tarayya ta yi lissafi a 2023 cewa idan aka tsayar da gudu a kilomita 120 a awa, za a rage hayaƙi fiye da tan miliyan 6 a shekara. Ba a buƙatar gina komai, ba a buƙatar korar kowa daga aiki, ba a buƙatar rushe ƙauyen kowa. Ministan sufuri na lokacin, Volker Wissing, har cewa ya yi babu isassun allunan da za a kafa. Ƙasar da ta gina tashar sauke gas daga jirgin ruwa a Wilhelmshaven cikin watanni ƙasa da goma a 2022, ita ce allunan gefen titi suka gagara. Sashen sufuri shi ne wanda hayaƙinsa bai ragu da wani abin kirki ba tun 1990, kuma da ya yi ta kasa cika adadin da doka ta ɗora masa, maimakon a tilasta masa, sai a 2024 aka gyara dokar aka ce a riƙa haɗa lissafin dukkan sassa a dunƙule. Wanda ya yi ƙoƙari ya rufa wa wanda bai yi ba asiri. Tikitin bas da jirgin ƙasa na wata-wata da talaka ya yi murna da shi, wanda aka fara a kan yuro 49 a watan Mayun 2023, shi kuwa ba a daɗe ba aka ƙara masa kuɗi zuwa 58 a 2025.

Akwai kuma batun da na san abokaina masu rajin kare muhalli ba sa son in taɓo, amma sai na faɗa. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a watan Maris ɗin 2011, Merkel ta juya baya ga nukiliya cikin 'yan kwanaki. Tashoshi 8 daga cikin 17 aka rufe nan take, ukun ƙarshe kuma aka kashe su ranar 15 ga Afrilun 2023. Na san tsoron Jamusawa ba na banza ba ne. Sun ga gajimaren guba na haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, kuma a ramin gishiri na Asse akwai gangunan sharar nukiliya sama da 120,000 da ruwa ke tsattsafowa kusa da su, har yau ana neman yadda za a fito da su. Duk da haka, tashoshin nan an riga an gina su, suna aiki, ba sa fitar da hayaƙi, kuma a 2010 su ke ba da fiye da kashi 20 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Da kwal aka fara rufewa aka bar nukiliya zuwa ƙarshe, da ƙauyuka nawa ne za su tsira? An ƙi cin biri an ci dila. Gibin da aka bari an yi niyyar cike shi da gas mai araha daga Rasha, har ya zama fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga can yake zuwa. Da Rasha ta rufe bututu a 2022, sai ga tsofaffin tashoshin kwal da aka jingine an sake kunna su. A watan Janairun 2023 'yan sanda suka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath cikin taɓo, har da Greta Thunberg, matashiyar nan mai rajin kare muhalli, da aka ɗauka cak, don a haƙi kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa. Ministan da ya sa hannu a yarjejeniyar da aka yi da RWE kan haƙar, Robert Habeck, ɗan jam'iyyar kare muhalli ne. Ya samo wa ƙauyuka biyar tsira, ya kuma jawo wa'adin barin kwal a yankin zuwa 2030, wannan gaskiya ne. Amma da ba a yi wancan kuskure ba, da bai shiga wannan ciniki ba.

A nan ne abin ya ɗan taɓo mu. A taron yanayi na Glasgow a 2021 Jamus na cikin ƙasashen da suka sa hannu cewa za su daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas na ƙasashen waje. Da sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofarsu, Scholz ya je Dakar a watan Mayun 2022, ya je Abuja a watan Oktoban 2023, kuma maganar gas na cikin abin da ya kai shi. Ba na ganin laifinsa don ya nema wa mutanensa ɗumi. Ina dai so idan ɗan Afirka ya ce yana buƙatar gas ɗinsa don mata su daina girki da itace, a saurare shi da irin wannan kunne.

Wani zai ce duk wannan maganar rabon kaya tausayi ne kawai, sararin samaniya ba ruwansa da wanda ya biya. To ya duba abin da ya faru da dokar ɗumama gidaje a 2023. Manufarta mai kyau ce: duk sabuwar tukunyar da za a sa, kashi 65 cikin 100 na makamashinta ya zama mai tsabta. Amma daftarin ya fita ga 'yan jarida kafin a faɗa wa mutane wa zai biya. Watanni aka yi tsofaffi masu ɗan gida ɗaya suna kwana da fargabar za a tilasta musu kashe abin da suka tara tsawon rayuwa. Kafin a sanar da cewa tallafi zai iya kaiwa kashi 70 cikin 100, tsoro ya riga ya zauna. Mutane suka yi rububin sayen tukunyar gas kafin a hana, wato dokar da aka yi don rage gas ta ƙara masa kasuwa. A zaɓen Fabrairun 2025, jam'iyyar AfD, wadda ke musun cewa ɗan Adam ne ke sauya yanayi, kuma wadda ba ta ƙaunar ganin irina a ƙasar, ta zo ta biyu da sama da kashi 20 cikin 100. Dalilan haka suna da yawa, amma a wurin aikinmu na ji da kunnena mutanen da ba su taɓa zaɓenta ba suna cewa sun gaji da a riƙa yi musu wa'azi sannan a aiko musu da takardar biya.

Gwamnatin Friedrich Merz ta zo da kuɗi a hannu. A watan Maris ɗin 2025 aka gyara tsarin mulki aka buɗe asusun yuro biliyan 500, aka ware biliyan 100 daga ciki don aikin yanayi. Sun yi alkawarin rage harajin lantarki ga kowa da kowa. Da aka zo rabo, sai aka rage wa masana'antu da manoma, aka ce gidaje su jira sai an samu hali. Nan da 'yan shekaru kaɗan kuma farashin hayaƙin zai koma hannun kasuwar Tarayyar Turai, ba Berlin ce za ta riƙa yanke shi ba, kuma babu mai iya ba da tabbacin ba zai tashi ba. Kafin wannan rana ta zo ya kamata kuɗin yanayi ya fara shiga asusun mutane, da sunansa a rubuce, kowa ya gani duk wata. Ya kamata tallafin gyaran gini ya fara daga tsofaffin gidajen haya irin namu, da sharaɗin kada mai gida ya gyara da kuɗin gwamnati sannan ya ninka haya. Allunan gudu kuma a kafa su gobe.

Ramin Garzweiler, in an gama haƙa, shirin da ake yi shi ne a jawo ruwa ta bututu daga kogin Rhine a cika shi ya zama tafki, kuma cikawar kaɗai za ta ɗauki kimanin shekara 40. Abokina ya ce jikokinsa za su yi iyo a saman inda gidan kakarsa yake. Maƙwabciyata kuwa ta roƙi mai gida ya bari ta biya cikon kuɗin kashi-kashi, ya yarda. Jiya da na hawo mata da ruwa na tarar ta liƙe gefen tagarta da tsumma da salatif, tana tambayata ko na san inda ake sayar da labule mai kauri na gwanjo.